A Shirya Mana Tseren Keke, Ko Da Tsofaffin Kekunanmu Ne

Kiran da na zo da shi guda ɗaya ne: ƙungiyarmu ta ɗalibai ta sa tseren keke cikin jerin wasannin da take shiryawa kowane zango, kuma a yi shi da irin kekunan da muke hawa zuwa lakca, kada a ce sai an jira masu tsada. Na san wani zai karanta wannan ya kwashe da dariya ya ce, "Keke kuma? Mi munka yi da za a mai da mu yara?" To ɗan uwa, ba ni aron hankalinka na minti goma, in ka gama sai ka yanke hukunci.

Keke ya dawo, mutuncinsa bai dawo ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai, lissafin ɗalibi ya rikice. Litar fetur da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Kuɗin kabu-kabu ya bi sahu, na Keke Napep ma haka. Wanda ke zaune Mabera ko Gidan Igwai ko Runjin Sambo, in ya lissafa abin da zai kashe zuwa da dawowa kwana biyar a mako, sai ya ga kuɗin abincinsa ne ke zubewa a kan titi. Shi ya sa da yawanmu muka zaro tsohon keken baba daga inda aka jingine shi, muka kai wa mai gyara ya sa taya da tiyub, ya shafa wa sarƙa mai. Wasu kuma suka tara kuɗi suka sayi na gwanjo mai giya. In kana shakka, zagaya ƙarƙashin dogon yaro da safe ka ƙirga kekunan da ke jingine.

Amma har yanzu mai keke yana shigowa ne a ɗarare, kamar wanda ya yi laifi. Wani sai ya ɓoye kekensa can bayan aji don kada 'yan ajinsu su gani. A idon jama'a keke alamar rashi ne, mai shi yana jiran ranar da Allah zai hore masa mashin. Wannan kallon ya daɗe a ƙasar nan. A 2001, lokacin da Ojo Maduekwe yana ministan sufuri, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har shi da kansa ya riƙa hawa a Abuja. Da wata bas ta ture shi cikin kwata, dariya aka yi ta yi masa, maganar kuma ta bi ruwa.

Wa'azi da lacca ba za su goge wannan rainin ba. Abin da na lura da shi a ƙasar Hausa shi ne, duk abin da aka yi gasa a kansa, aka taru aka kalla, aka kira sunan gwaninsa, to ya sami daraja. Ɗan kokawa ƙarfin noma ya kawo fage. Ɗan dambe da mai sukuwa ma haka. Ranar da aka kira sunan ɗalibi a lasifika aka ce shi ya zo na ɗaya a tseren keke na kwaleji, ranar mai keke zai daina ɓoye kekensa a bayan aji.

Abin da mai tsere ke ji

Ina cikin wasu 'yan tsiraru da ke fita da keke ranakun Asabar da Lahadi bayan sallar asuba. Ba mu da suna, ba mu da rajista, ba mu da riga iri ɗaya. Akwai ɗalibai, akwai mai gyaran waya, akwai wani malamin firamare da muke ce wa Baba saboda furfurarsa. Mukan nemi yankin titi da babu motoci a wannan lokacin, mu tsayar da mutum ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, mu gwada ƙafa. Daga nan na fahimci cewa wanda bai taɓa shiga tseren keke ba yana ɗaukar abin ƙarfin cinya ne kawai. Wallahi rabinsa lissafi ne.

Babban abokin gaban mai keke ita ce iska. 'Yan injiniya sun san wannan a takarda: in ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da za ka zuba don ka keta ta kuwa sau takwas. Da zarar ka kai wajen kilomita 30 a awa a kan shimfiɗaɗɗen titi, mafi yawan wahalarka da iska kake yin ta. Saboda haka wanda ya maƙale a bayan wani, tayarsa ta gaba dab da tayar bayan na gabansa, yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Wannan ne sirrin tafiya cikin ayari. Na gaba ya keta iska na ɗan lokaci, ya kauce gefe ya koma baya ya huta, na biyu ya karɓa. Mutum shida da suka iya wannan karɓa-karɓa za su bar ƙaƙƙarfa ɗaya tilo a baya, komai taurin kansa.

A nan ne wasan ke daɗi. Kuna taimakon juna, kuma kowa na son kayar da kowa. In ka yi ta ja a gaba don a ga kai jarumi ne, za ka ƙare kafin a iso layi, wanda ya yi shiru a bayanka ya zabura ya wuce ka. In ka ƙi ja gaba ɗaya, ayarin zai yi sanyi, waɗanda kuka bari a baya su cim muku, kuma gobe ba wanda zai yarda ya haɗa tafiya da kai. In ka ɓalle kai kaɗai da wuri, sai ka tambayi kanka ko ƙafarka za ta kai ka. Duk wannan shawarar kana yanke ta ne numfashinka na sama-sama, gumi na shiga ido.

Akwai kuma wani lokaci da duk ɗan tsere ya sani. Tazarar da ke tsakaninka da na gabanka ta zama taku ɗaya, ta zama biyu, iska ta dawo ta buge ka a ƙirji, kana kallon ayari na tafiya ba yadda za ka yi. Daga nan zaɓi biyu ne: ka sauka ka ce tayarka ce ta yi sanyi, ko ka sunkuyar da kai ka ƙarasa ko da kai ne na ƙarshe. Na ga samarin da ke cika baki sun zaɓi na farko. Na ga Baba, a kan tsohon Phoenix marar giya, ya zaɓi na biyu sau da yawa, har wata rana ya bar masu giya ashirin da ɗaya a baya, don ya san inda zai ajiye ƙarfinsa da inda zai kashe shi. Da aka tambaye shi sirrin sai ya ce, "Ku kuna hawan keke, ni ko tahiya nika yi." Irin wannan darasin ba a koyar da shi a aji, kuma ɗalibin da zai fita ya fuskanci Nijeriyar yau yana buƙatarsa.

Ana tseren, tsari ne babu

Ga wanda zai ce ba a san tseren keke a Sakkwato ba, sai in ce ya fito da yamma ya duba. Yara da samari suna yin sa kullum a kan Western Bypass da Eastern Bypass da titin Birnin Kebbi, cikin motoci. Ba hular kwano, wani ma ba birki, da silifas yake taka taya in zai tsaya. Ga tirelolin siminti, ga ɗan kabu-kabu da ya biyo hannun da ba nasa ba, ga akuya da ta yanke shawarar tsallakawa, ga yashin da iska ta tara a gefen kwalta wanda in tayar gaba ta shige shi a guje sai ƙasa. Wasu har kama bayan babbar mota suke yi ta ja su. Na taɓa ganin yaro ya zame a kan irin wannan yashin, Allah ya kiyaye motar da ke bayansa tana tafiya a hankali. Fatar hannu da ta gwiwa kawai ya bari a titi. Ba kowa ke samun wannan sa'ar ba.

Sha'awar gudu tana cikin jinin matashi, hani ba ya fitar da ita. In ba a ba ta fili mai tsaro ba za ta nemi nata filin a tsakiyar titi. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya saba da tsere mai doka, inda ake duba birki kafin a tashi, inda ba a barin kowa ya hau ba hula, shi ne zai koma unguwa ya tsawata wa ƙannensa.

"Ai ba mu da keken tsere"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawo mini. Gaskiya ne keken da ƙwararru ke hawa a Turai kuɗinsa ya kai na mota. Amma mu duba inda abin ya faro. Gasar Tour de France, wadda ta fi kowace suna a duniya, wata jarida ce mai suna L'Auto ta ƙirƙiro ta a 1903 don ta ƙara kasuwa. Mutum 60 suka tashi, 21 suka ƙarasa. Wanda ya ci, Maurice Garin, ya yi sana'ar share bututun hayaƙi na gidaje kafin ya zama ɗan tsere. Kekunansu na ƙarfe ne masu nauyi, hanyoyin kuma ba kwalta, sai a 1937 aka yarda a yi amfani da na'urar canza giya a gasar. Ke nan sama da shekara 30 ana wannan gasa da keken da bai fi na ƙofar gidanku dabara ba.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Jami'ar Indiana ta Amurka. Tun 1951 ɗalibai ke shirya wani tsere da ake kira Little 500. Kowace tawaga mutum huɗu ne, suna karɓa-karɓa, maza su yi zagaye 200, wajen kilomita 80, mata kuma, waɗanda aka fara nasu a 1988, su yi zagaye 100. Dokar da ta fi burge ni ita ce kowa keke iri ɗaya yake hawa, marar canjin giya, don kada kuɗin uban wani ya ci masa gasa. Kuɗin da ake tarawa kuma ana tallafa wa ɗalibai da shi a karatunsu. In ɗaliban ƙasar da ta fi kowa kuɗi sun zaɓi keke marar giya da gangan, mu me zai sa mu ji kunyar namu?

Mu dawo Afirka. Burkina Faso ƙasa ce ta Sahel, zafinta da ƙurarta da shimfiɗar ƙasarta kamar namu, amma tun 1987 take shirya Tour du Faso, har 'yan Turai na zuwa. A Eritiriya an gaji keke daga Turawan Italiya, aka mai da shi wasan ƙasa, ana rufe titunan Asmara a yi tsere jama'a na kallo. Daga cikin waɗannan titunan Biniam Girmay ya fito, wanda a 2024 ya ci zango uku a Tour de France, ya kuma tafi da koriyar riga ta gwanin tara maki. A Ruwanda da yawa daga cikin 'yan tseren farko sun fito ne daga masu haya da dako da keke. A watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a nahiyar Afirka. Duk waɗannan ba su fara da kaya masu tsada ba. Sun fara da yawan tsere ne, ƙanana, a kai a kai, har gwanaye suka bayyana.

Mu fa? Muna da filin tseren keke na zamani a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. Ana tseren keke a Bikin Wasanni na Ƙasa. A Legas akwai ƙungiyoyin masu sha'awa irin su Cycology da ke fita kowane mako. Amma sai a 2024, a Faris, aka sami ɗan Nijeriya na farko a tseren keke na Olamfik, wato Ese Ukpeseraye 'yar jihar Delta. Ita ma da gurbin tseren cikin fili ya zo mata a ƙurarren lokaci, tawagar Jamus ce ta ara mata keke. Mutane sun yi ta surutu a Facebook a kan aron keken. Ni abin da ya fi damuna daban ne: ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, a ce mutum ɗaya tak ta iya kaiwa. Dalili shi ne babu tushe. Ba a samun zakaran ƙasa sai an sami zakaran unguwa da na makaranta. Wa ya sani ko ƙafar da za ta ɗaga sunan Sakkwato tana nan tana dakon kayan miya daga fadamar Kwalkwalawa zuwa kasuwa kowace safiya, ba wanda ya taɓa riƙa mata agogo? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yadda za a yi shi

Ba na son in zama mai kawo ƙorafi ba mafita, don haka ga abin da nake ba Daraktan Wasanni da majalisar ɗalibai shawara.

A fara da tseren agogo. A irin wannan ba a tashi tare. Ana sakin mutum ɗaya bayan kowane minti ɗaya, kowa ya yi tafiyarsa shi kaɗai, a rubuta lokacin da ya ɗauka, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci. Amfaninsa ga masu farawa yana da yawa. Babu cunkoso, don haka babu karo. Ba a buƙatar faffaɗan titi. Kuma in tafiyar ta minti goma ce zuwa sha biyar, mutanen da ke kan hanya a lokaci guda ba za su wuce sha biyar ba, ke nan hular kwano ashirin za ta ishi mutum sittin, wanda ya gama ya goge ya miƙa wa na gaba. Keke ma haka, abokai uku za su iya shiga da keke ɗaya. Wanda ba zai taɓa zuwa na ɗaya ba yana da abokin gasa, wato lokacin da ya yi a watan jiya.

A yi shi sau ɗaya a wata, a cikin harabar kwaleji, a kan zagayen da aka auna aka rufe da izinin hukumar makaranta da masu tsaron ƙofa. Bayan an yi uku ko huɗu, an san masu iya riƙe layi da masu tangaɗi, sai a shirya tseren ayari na mutum goma zuwa sha biyar a kan zagaye guda. Na ƙarshen shekara kuma a yi na tawaga tsakanin sassa, mutum hurhuɗu, a ga tsakanin 'yan injiniya da 'yan akanta wa ke da ƙafa wa ke da baki.

A raba kekuna aji uku: marar giya irin su Phoenix da Rali, mai giya na gwanjo, sai keken tsere ga wanda Allah ya hore wa. Babbar kyauta a ajiye ta ga ajin marar giya, don nan ne mafi yawanmu muke.

Dokoki kada su yi yawa, amma kada a ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Ba hula, ba hawa. A duba birki gaba da baya, da kan keke, da sirdi, kafin a ba mutum lamba. A share yashi a kowace kwana. A tsayar da mutum da tuta a duk mahaɗa. Ma'aikacin asibitin makaranta ya kasance a wurin da akwatin agajin gaggawa kafin a busa usur. Caca kuma haramun ce a addini, a filin ma a haramta ta, duk wanda aka kama yana sa kuɗi a kan wani a kore shi.

Abin daɗin shi ne mu kwalejin kimiyya da fasaha ce, duk ma'aikatan da ake buƙata suna cikin azuzuwanmu. 'Yan safiyo su auna hanya. 'Yan kanikanci su duba kekuna, su buɗe rumfar gyara da faci a ranar. 'Yan kwamfuta su haɗa ɗan tsarin da zai riƙe lokuta da sakamako, ai ya fi a yi ta kwafar firojet ɗin da ba wanda zai yi amfani da shi. 'Yan jarida su ɗauki hoto su yi sharhi a lasifika. 'Yan kasuwanci su zagaya wajen masu sayar da kekuna da masu ruwan leda su nemo tallafi. In an cire hulunan, sauran kayan usur ne da igiya da alli da ƙyallen rubuta lamba, agogo kuwa yana cikin wayar kowa. A ko'ina cikin ƙasar nan ƙwallon ƙafa ce ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin wasanni, ni ma ina son ƙwallo, amma fili ɗaya mutum 22 yake ɗauka, sauran mu 'yan kallo ne. Tseren agogo na safiya ɗaya zai ɗauki ninkin wannan sau uku.

Uzurorin da na san za a kawo

Na farko zafi. Awo, Sakkwato ce, a watan Afrilu ma'auni kan haura digiri 40, kuma zafi na kisa, ba abin wasa ba ne. Maganinsa lokaci. A tashi ƙarfe shida da rabi na safe, a tashi daga fili kafin ƙarfe tara. A fi ba da ƙarfi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a huta a tsakiyar bazara da watan azumi. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango gaba sosai, a ɗage. Mai tsere cikin zafi yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa, don haka ruwa da haɗin gishiri da sukari su wadata, a ci dabino ko ayaba kafin a hau. Duk wanda ya fara jiri, ko magana ta rikice masa, a sauke shi nan take, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa, a kira ma'aikacin lafiya. Kofi bai kai ran mutum ba.

Na biyu tsaro. Kowa ya san halin da gabashin jihar nan ke ciki, wajen Isa da Sabon Birni, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Ba wanda ya ce a kwashi ɗalibai a nufi daji. Shi ya sa na ce harabar makaranta. In abu ya kankama har ana son fita cikin gari sau ɗaya a shekara, misali ranar 3 ga Yuni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, sai a nemi izini a rubuce, a gayyaci jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sanda su rufe hanya, a tashi daga filin wasa na Giginya a dawo nan. A wannan ranar a buɗe wa mutanen gari ƙofa, masu kai burodi da masu dakon albasa su zo su gwada mu. Ina jin tsoron sakamakon, amma a yi.

Na uku sutura. Wasu na ganin ɗan tsere dole ya sa matsattsen gajeren wando irin na Turawa. Ba dole ba ne. Mu garin Shehu muke, mun san iyakar al'aura. Dogon wando na motsa jiki da aka ɗaure ƙafarsa don kada sarƙa ta kama ya wadatar, kuma a gajeren tsere irin namu bambancin da zai kawo bai taka kara ya karya ba.

Na huɗu 'yan uwanmu mata. Su ma suna biyan kuɗin ƙungiya kamar kowa, don haka ba daidai ba ne a tsara abu a manta da su, kuma ba daidai ba ne mu maza mu zauna mu yanke musu. A ba wakilansu a majalisa su zauna su faɗi yadda suke so. In sun zaɓi nasu tseren, a ware musu lokaci da wuri, mata su riƙe agogo da tuta, a tabbatar kekunan na da murfin sarƙa, a kuma kula da dogon hijabi ko abaya kada su shiga waya, don wannan haɗari ne na gaske ko a kan kabu-kabu. In sun ce tukuna, a bar ƙofa a buɗe.

Na biyar karatu. Wani zai ce ana fama da kariyoba wa ke ta keke. Safiyar Asabar ɗaya ce a wata, awa biyu da rabi. Mu faɗa wa juna gaskiya, awa nawa muke kashewa a gidan kallon ƙwallo muna musu a kan Arsenal da Madrid, mutanen da ba su san da zamanmu ba? Atisayen kuwa ba ya cin lokacin kowa, hanyar da kake bi zuwa lakca kullum ita ce filin horonka.

Kira na ƙarshe

Ya mai girma Shugaban ƙungiya, da Daraktan Wasanni, da 'yan majalisa: ba a fafe gora ranar tafiya. In ana son a yi na farko cikin sanyin bana, yanzu ne za a kawo ƙudurin gaban majalisa, a kafa kwamitin mutum biyar, a rubuta wa ofishin harkokin ɗalibai, a sa kuɗin hula ashirin cikin kasafi. Ku gwada sau uku kawai. In mutane ba su fito ba, ku soke, hulunan kuma a riƙa ara wa masu zuwa makaranta da keke, ba a yi asara ba. In kuwa sun fito, kun bar abin da za a riƙa tuna zamaninku da shi bayan an manta da fastocin kamfen ɗinku.

Ku kuma 'yan uwana masu keke, kada mu zauna jiran a kira mu. Kowa ya sami wakilin sashensa ya gaya masa yana son wannan abu. Mu rubuta sunayenmu da irin kekenmu a takarda guda mu miƙa wa Daraktan Wasanni, don shugaba ba ya motsi sai ya ga adadi. Kafin nan a gyara birki, a daina kama bayan mota, a daina gwada gudu cikin cunkoso. Wanda ke da tsohon keke a gida yana tsatsa ya fito da shi, mai faci na bakin ƙofa yana jira.

Allah ya tsare mu a kan hanya, ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.